Zane ko fansho: yadda aka ceci gidan fasaha na Detroit daga gwanjo

A ranar 18 ga Yuli, 2013, birnin Detroit da ke jihar Michigan a Amurka ya kai kansa kotun tarayya, ya ce ya karye, ba zai iya biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18 ba. Ba a taɓa samun birnin da ya je kotu da bashi mai nauyin wannan ba a tarihin ƙasar. Da masu bin bashi suka duba abin da za su riƙe, sai suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa, gine-gine kimanin 78,000 kuma sun zama kangaye. Kadara guda ce take da daraja sosai, wadda kuma za a iya ɗauka a kai kasuwa: tarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da ke ajiye a Cibiyar Fasaha ta Detroit, wadda ake taƙaita sunanta DIA. Wannan nazari ya bi matsalar gidan tun daga tushenta har zuwa inda ta tsaya.

1885 zuwa 1930: yadda kayan suka zama na birni

Wasu masu hannu da shuni ne suka kafa gidan a 1885 a matsayin cibiya mai zaman kanta, birni yana tallafa mata da kuɗi. A 1915 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa bai halatta a riƙa zuba kuɗin jama'a a cibiyar da ba ta hukuma ba. Mafitar da aka samu a 1919 ita ce a miƙa gidan da duk abin da ke cikinsa ga birni, ya zama sashe na hukumar birnin kamar sauran sassa. A lokacin ba wanda ya ga aibu a haka. Detroit ce cibiyar ƙera motoci ta duniya, kuɗi na shigowa, mutane na kwararowa neman aiki.

Da kuɗin harajin mazauna birnin aka yi manyan saye-sayen shekarun 1920. A 1922 aka sayi hoton da Vincent van Gogh ya zana na fuskarsa, wanda shi ne zanensa na farko da wani gidan adana kayan fasaha na jama'a ya saya a Amurka, aka kuma sayi zanen taga na Henri Matisse a shekarar. A 1927 aka buɗe ginin da ake ciki har yau a kan titin Woodward. A 1930 aka sayo zanen rawar biki na Pieter Bruegel, wanda aka yi tun 1566. Daga 1932 zuwa 1933 Diego Rivera, ɗan ƙasar Meziko, ya zana ma'aikatan masana'antar mota a bangon tsakar ginin, Edsel Ford, shugaban kamfanin mota na Ford, ya biya kuɗin aikin.

Galibin manyan gidajen fasaha na Amurka mallakar kwamitocin amintattu ne, ba na hukuma ba. Na Detroit ya fita daban, kuma wannan bambancin ya kwanta shiru kusan shekara ɗari kafin ya tashi.

1975 zuwa 2009: kuɗin gudanarwa ya yi ta tsukewa

A 1950 mazauna birnin sun kai kimanin miliyan 1.85. Zuwa 2010 sun dawo 713,777. Masana'antu sun rufe ko sun ƙaura, masu hali sun koma garuruwan da ke kewaye, harajinsu ya bi su. A 1975 rashin kuɗi ya sa aka rufe gidan na makonni uku. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin, har tallafinta ya kai kusan dala miliyan 16 a shekara, sannan a 1991 ta zaftare shi, aka sallami ma'aikata, aka rage lokutan buɗewa. Daga nan tallafin ya yi ta raguwa har ya ƙare.

A 1998 aka gwada wata dabara. Birni ya miƙa gudanarwar gidan ga wata ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, bisa yarjejeniyar shekara 20. Ita za ta nemo kuɗi, ta biya albashi, ta kula da gini. Amma takardar mallaka ba ta canja hannu ba: ginin da kayan duk na birni ne. Ƙungiyar ta tara kuɗi daga attajirai, ta yi gyaran da ya ci dala miliyan 158, aka sake buɗewa a Nuwamban 2007. Bayan shekara guda tattalin arzikin duniya ya girgiza. A 2009 gidan ya sallami kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikatansa.

Matsalar a bayyane take ga shugaban gidan na lokacin, Graham Beal, da kwamitinsa. Attajiri yana son ya ba da kuɗin sabon ɗaki da za a sa wa sunansa, ko ya sayo zane. Kuɗin wuta da albashin masu gadi kuwa, kowace shekara sai an sake bin mutanen da kokon bara, kuma mutanen ba su ƙaruwa.

Agusta 2012: an nemi masu gidaje su ɗauki nauyi

Gidan ya tunkari masu jefa ƙuri'a a gundumomi uku, Wayne, wadda Detroit ke cikinta, da Oakland da Macomb da ke maƙwabtaka da ita. Abin da aka nema shi ne ƙaramin haraji a kan gidaje na shekara goma: senti 20 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da ake ɗora wa haraji. Mai gidan da ya kai dala 150,000 a kasuwa zai biya kimanin dala 15 a shekara. A madadin haka, mazauna gundumomin uku za su riƙa shiga kyauta, a kuma riƙa kwaso ɗaliban makarantu da dattawa a motoci ba tare da sun biya ba.

A ranar 7 ga Agusta aka amince a duka ukun, a Macomb da ƙyar. Harajin yana kawo kimanin dala miliyan 23 a shekara, wato mafi yawan kuɗin gudanarwa. Shirin kwamitin shi ne, cikin shekara goman da haraji ke riƙe da gidan, su mayar da hankali wajen tara asusun jari mai girman da ribarsa kaɗai za ta ishi gidan bayan haka. A karon farko cikin shekaru masu yawa gidan ya samu ya numfasa. Numfashin bai kai shekara ba.

Maris zuwa Disamba 2013: kantoma, kotu da farashi

A Maris 2013 gwamna Rick Snyder ya naɗa lauya Kevyn Orr kantoman riƙo na birnin, da ikon da ya ɗara na magajin gari da kansiloli. A Mayu ofishinsa ya sanar da gidan cewa masu bin bashi za su iya ɗaukar zane-zanen a matsayin kadarar birni. A ranar 13 ga Yuni babban lauyan jihar, Bill Schuette, ya fitar da ra'ayinsa na doka cewa kayan amana ne da aka riƙe domin jama'ar Michigan, ba za a iya sayar da su a biya bashi ba. Ra'ayi ne mai ƙarfi, sai dai ba ya ɗaure alƙalin tarayya.

A ɗaya ɓangaren akwai ma'aikata da 'yan fansho kimanin 32,000. Kantoma ya ƙiyasta giɓin asusun fansho biyu na birnin a kan dala biliyan 3.5. Matsakaicin ɗan fansho na sassan farar hula yana karɓar kimanin dala 19,000 a shekara, wanda a Amurka abin rufin asiri ne kawai. Tsofaffin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun fi haka, amma da yawansu ba sa cikin tsarin tallafin tsufa na tarayya, fanshon birni shi ne dogaronsu. Tsarin mulkin Michigan ya hana a rage fanshon da ma'aikaci ya riga ya cancanta, kuma da wannan suka shiga kotu.

A ranar 3 ga Disamba alƙali Steven Rhodes ya yanke cewa birnin ya cancanci kariyar dokar karyewa, kuma a ƙarƙashin dokar tarayya fansho alkawari ne kamar sauran alkawuran bashi, ana iya rage shi. Cikin watan kamfanin gwanjo na Christie's, wanda kantoma ya ɗauka aikin kimantawa, ya miƙa rahotonsa. Ya duba kayan da aka saya da kuɗin birni kai tsaye kaɗai, kimanin 2,800 cikin wajen 66,000. Ya ce za su kai tsakanin dala miliyan 454 da miliyan 867. Zanen Bruegel kaɗai miliyan 100 zuwa 200, na Van Gogh miliyan 80 zuwa 150, na Matisse miliyan 40 zuwa 80.

Daga wannan lokacin maganar ta zama ɗaya a jaridu da tarukan ƙungiyoyin ƙwadago: zane a bango, ko abincin tsohuwar da ta yi wa birni aiki shekara talatin. Duk wanda ya kare gidan sai a ga kamar bai damu da tsofaffi ba.

Hanyoyin da aka duba ba su ɓulle ba

Ta farko ita ce a sayar da 'yan kaɗan masu tsada. Ƙa'idar ƙungiyar shugabannin gidajen fasaha ta Arewacin Amurka a lokacin ita ce, in an sayar da zane, kuɗin sai dai a sayi wani da shi. Gidan da ya saɓa, sauran za su daina ba shi aron kaya su daina haɗa baje koli da shi, kuma a Yunin 2014 an hukunta wani gida a jihar Delaware da ya sayar don biyan bashi. Bayan haka, hukumomin Oakland sun bayyana cewa in aka taɓa ko zane ɗaya za su janye harajinsu. Sayar da zane biyar zai iya jawo asarar kuɗin da ke buɗe ƙofar gidan kowace safiya. Ga kuma iyalan waɗanda suka ba da kyauta da sharaɗi, waɗanda za su cika kotu da ƙararraki na shekaru.

Christie's ya kawo wasu shawarwari da ba sai an sayar ba: a jinginar da kayan a ci bashi, a ba wasu gidaje haya na dogon lokaci, a yi yawon baje koli da su a ƙasashe, ko attajirai su saya su bar wa gidan aro na dindindin. Jingina tana nufin birnin da ya kasa biyan bashi ya ƙara wani, ranar da ya sake kasawa kuma kayan sun tafi. Haya da yawon baje koli ba sa kawo kuɗin da zai taɓa giɓin biliyoyi.

Ta uku ita ce gidan ya tsaya kan hujjarsa ta amana ya yi shari'a har ƙarshe. Mai yiwuwa ya yi nasara. Amma shari'ar za ta ɗauki shekaru, masu ba da kyauta za su ja baya har sai sun ga ƙarshenta, kuma nasarar ba za ta ƙara wa 'yan fansho ko sisi ba.

Nuwamba 2013 zuwa Janairu 2014: gidauniyoyi sun shigo

Tun a Agusta alƙali Rhodes ya naɗa babban alƙalin kotun tarayya ta yankin, Gerald Rosen, ya zama mai shiga tsakani. Rosen ya yi wani ɗan zane a bayan kwalin littafin rubutunsa: akwati mai kwaɗo an rubuta fasaha a ciki, kibiya ta kuɗi tana shigowa daga waje, wata tana fita zuwa fansho. Ma'anarsa ita ce wasu su biya birni kuɗi don ya saki mallakar kayan, da sharaɗin kuɗin ba zai je ko'ina ba sai asusun 'yan fansho. Abin da ya rage shi ne wa zai biya.

Ya haɗu da Mariam Noland, shugabar gidauniyar al'umma ta kudu maso gabashin Michigan, a wani shagon abinci kusa da kotu, ya gaya mata. Ita ta kira takwarorinta. A ranar 5 ga Nuwamba shugabannin gidauniyoyi suka zauna da Rosen da abokin aikinsa Eugene Driker a harabar kotu.

Abin da ake nema daga gare su ya saɓa wa al'adarsu. Gidauniya kan ba da tallafi na shekara ɗaya zuwa uku, ga wani shiri da ta zaɓa, ta karɓi rahoto a ƙarshe. Ba ta biyan bashin gwamnati, ba ta cike giɓin fansho, don tsoron kada gobe kowane birni ya zo da kokonsa. Ga shi ana neman alkawarin shekara 20, a cikin shari'ar da ba a san ƙarshenta ba. Kuma gidauniyoyin ba manufarsu ɗaya ba: wata fasaha ta dama, wata yara da talauci, wata farfaɗo da birane.

Darren Walker, wanda bai fi wata biyu da zama shugaban Gidauniyar Ford ba, ya kai maganar gaban kwamitinsa, suka amince da dala miliyan 125. Akwai tarihi a bayan wannan. Edsel Ford ne ya kafa gidauniyar a Michigan a 1936 da dukiyar da ma'aikatan Detroit suka samar, amma tun shekarun 1950 ta koma New York, mutanen birnin kuma sun daɗe suna ganin ta juya musu baya. Kresge, ƙarƙashin Rip Rapson, ta sa miliyan 100. Knight ta sa miliyan 30, Davidson miliyan 25. Wani ɗan kasuwa, tsohon malamin kimiyya, Paul Schaap, ya yi alkawarin miliyan 5 daga aljihunsa. A ranar 13 ga Janairu, 2014 aka sanar da miliyan 330. Kafin watan ya ƙare Kellogg ta kawo miliyan 40. Jimillar da aka rattaba wa hannu a ƙarshe ta ɗan ragu, ta tsaya a miliyan 366 daga gidauniyoyi 12.

Sharuɗɗansu su ne ƙashin bayan shirin. Kuɗin na fansho ne kaɗai, banki ko kamfanin inshora ba zai samu komai daga ciki ba. Dole gwamnatin jiha ta sa nata. Dole gidan da kansa ya sa nasa. Dole 'yan fansho su amince da ƙuri'a. Kayan kuma za su koma hannun ƙungiyar da ke gudanar da gidan, a riƙe su amana ta har abada don jama'a, kamar yadda wakafi yake: ana amfana da shi, ba a sayarwa, ba a jinginarwa, bashin wani ba ya hawa kansa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, duk sun faɗi. An kuma kafa wata ƙaramar gidauniya ta musamman da kuɗin zai riƙa bi ta cikinta kowace shekara, ta tabbatar birni yana cika alkawuransa kafin ta saki.

Gidan ya yi turjiya da farko. Shugabanninsa sun ce tara miliyan 100 a kan abin da suke nema na asusun jari ba zai yiwu ba. A ƙarshen Janairu shugaban kwamitin, Eugene Gargaro, ya amince da adadin, a biya cikin shekara 20. A Yuni kamfanonin mota uku suka ɗauki miliyan 26: General Motors da Ford miliyan 10 kowanne, Chrysler miliyan 6. Gidauniyoyin Mellon da Getty suka ƙara miliyan 13 tsakaninsu.

Fabrairu zuwa Yuli 2014: majalisa da ƙuri'a

Gwamna Snyder ya nemi majalisar jiha ta amince da miliyan 350 cikin shekara 20. Majalisar tana hannun jam'iyyar Republican, 'yan majalisa da yawa daga yankunan karkara suke, inda ceto Detroit ba magana ce mai farin jini ba. Hujjoji biyu suka yi tasiri. Kuɗin gidauniyoyi yana ajiye yana jira, kuma zai tafi in jiha ta ƙi. Sannan 'yan fansho za su iya maka jihar kanta a kotu bisa tsarin mulkinta, shirin kuma ya tanadi su yafe wannan haƙƙin. Majalisa ta amince a biya a dunƙule, dala miliyan 194.8 daga asusun ko-ta-kwana, wanda aka lissafa daidai yake da miliyan 350 na shekara 20. Gwamna ya sa hannu a ranar 20 ga Yuni. Jimilla ta zama miliyan 816, 'yan jarida suka raɗa wa shirin suna Babban Ciniki.

Daftarin farko da kantoma ya fitar a Fabrairu ya nuna ana iya rage fanshon farar hula da kashi 34 cikin 100, na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da kashi 10. Bayan tattaunawa, tayin ƙarshe ya zama ragin kashi 4.5 ga farar hula tare da soke ƙarin da ake yi musu duk shekara saboda tsadar rayuwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a taɓa ainihin fanshonsu ba, amma ƙarin shekararsu ya sauko daga kashi 2.25 zuwa kimanin kashi 1. An gaya wa farar hula cewa in suka ƙi, kuɗin waje zai janye, ragin zai kai kashi 27. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan fansho, ciki har da Shirley Lightsey, suka yi ta zagayawa suna roƙon mambobinsu su karɓa. Da aka ƙirga a Yuli, kashi 73 na farar hula da kashi 82 na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun amince.

Afrilu zuwa Disamba 2014: masu bin bashi da hukunci

Kamfanonin inshorar bashi biyu, Syncora da FGIC, su suka fi kowa adawa. Hujjarsu ita ce ana sakin kadarar biliyoyi a kan farashi mai rahusa, kuma an fifita wani rukunin masu bin bashi a kan wani. A Afrilu FGIC ya gabatar da tayi huɗu daga masu zuba jari, ciki har da rancen dala biliyan 2 da kayan a matsayin jingina, da tayin wani kamfanin gwanjo na Beijing a kan kayan ƙasar Sin da ke gidan. Sun nemi a ba su izinin sauke zane-zane daga bango su duba, alƙali ya hana. Masanin da FGIC ya ɗauka ya ce tarin duka ya kai biliyan 8.5. Kamfanin Artvest, wanda birni da gidan suka ɗauka, ya ce biliyan 2.8 zuwa 4.6 ne a takarda, amma in aka zuba su kasuwa lokaci guda, ga ƙararraki, abin da zai shigo hannu zai iya tsayawa tsakanin biliyan 1.1 da 1.8, ko ƙasa da haka.

An fara sauraron shari'ar a ranar 2 ga Satumba. Cikin watan Syncora ya sasanta, ya karɓi ɗan kuɗi da tsawaita hayar ramin mota da ya haɗa Detroit da Windsor ta Kanada, da wani wurin ajiye motoci. A Oktoba FGIC ya sasanta a kan filin dandalin wasanni na Joe Louis. Kowannensu ya tashi da kusan senti 13 zuwa 14 a kan kowace dala.

A ranar 7 ga Nuwamba Rhodes ya amince da shirin baki ɗaya. Ya ce sasancin fansho ya yi kusa da mu'ujiza, sayar da kayan kuma zai zama sarayar da makomar birnin. A ranar 10 ga Disamba shirin ya fara aiki: an sauke wa birni bashin kimanin biliyan 7, mallakar gidan da kayansa ta bar hannunsa bayan shekara 95. Ba a sayar da ko zane ɗaya ba.

2015 zuwa 2024

A Janairun 2015 gidan ya sanar cewa ya samu alkawuran da suka cika rabonsa. Wasu 'yan fansho da ba su yarda ba sun ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita a 2016. A shekarar magajin gari Mike Duggan ya bayyana cewa lissafin da aka gina shirin a kai ya raina giɓin fansho da kusan miliyan 491, birni ya buɗe asusun ajiya na musamman don ranar da zai koma biya da kansa. Ranar ta zo a shekarar kuɗi ta 2024. A Maris na shekarar kamfanin Moody's, mai auna cancantar cin bashi, ya mayar da birnin sahun waɗanda ake iya ba bashi da kwanciyar hankali.

Asusun jarin gidan kuwa bai kai inda aka yi niyya ba. Attajiran da za su cika shi su ne dai waɗanda aka karɓi miliyan 100 daga hannunsu. Gidan ya koma wurin masu jefa ƙuri'a tun kafin wa'adin farko ya cika, duk da sukar waɗanda suka tuna cewa a 2012 an ce sau ɗaya za a nema. A ranar 10 ga Maris, 2020 gundumomin uku suka sabunta harajin na wasu shekara goma.

Abin da ya sa ya yi aiki, da wanda ya biya

A ganina, da Rosen ya nemi miliyan 366 don ceton zane kaɗai, da bai samu ba. Kellogg, wadda aikinta yara ne da iyalai marasa ƙarfi, ba za ta iya kare irin wannan kyauta a gaban kwamitinta ba. Da fansho kaɗai aka ambata, gidauniyoyin za su ce aikin gwamnati ne. Da aka ɗaure su wuri ɗaya, kowace dala ta yi aiki biyu, kowane kwamiti ya ga manufarsa a ciki, kuma masu kare gidan suka daina zama abokan gabar 'yan fansho. Sabon abu na biyu shi ne gidauniyoyin ba su raba kuɗinsu a ƙananan shirye-shirye ba. Sun haɗa shi, sun sa shi a gaba da sharaɗi, ya jawo na jiha da na kamfanoni. Na uku, kuɗin bai sayi baje koli ko sabon gini ba, ya sayi gyaran kuskuren 1919, wanda yarjejeniyar 1998 da harajin 2012 duk suka bari a wurinsa.

Amma bai kamata a ba da labarin kamar kowa ya fita lafiya ba. Ragin kashi 4.5 shi aka fi ambata, alhali ba shi ne mafi ciwo ba. Soke ƙarin shekara yana cin fansho a hankali muddin kaya na tsada. An kuma karɓe wasu kuɗaɗe daga waɗanda aka ce an biya su riba fiye da ƙima a wani asusun ajiya, har ragin wasu ya kai kashi 20. Kula da lafiyar 'yan fansho kuwa an zaftare kusan kashi 90 na abin da aka yi musu alkawari. Ƙuri'ar da suka jefa ta mutanen da aka nuna wa kashi 4.5 da kashi 27 ce aka ce su zaɓa. A wannan bazarar ta 2014 da ake tara ɗaruruwan miliyoyi, hukumar ruwa tana yanke wa dubban gidaje ruwa saboda bashin 'yan ɗaruruwan daloli, har masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo birnin a Oktoba. Shawarar abin da za a ceta an yanke ta ne a zaman sirri na sasanci, lokacin da zaɓaɓɓun shugabannin birnin ba su da iko, mazaunansa kuma, waɗanda mafi yawansu baƙaƙen fata ne, ba a tambaye su ba.

Duk da haka ina ganin ƙin sayarwar daidai ne. Da an yi gwanjo, kuɗin sai an raba shi da duk masu bin bashi, bayan shekarun shari'a, kuma zane-zanen da harajin kakannin mutanen Detroit ya saya da sun ƙare a ɗakunan attajirai inda ɗan makaranta ba zai sake ganinsu ba. Ta hanyar sasancin, kuɗin ya tafi ga 'yan fansho kaɗai.

Wanda zai kwaikwayi wannan sai ya duba abin da Detroit take da shi: tarin kayan da ya kai biliyoyi, manyan gidauniyoyi da dukiyarsu ta samo asali daga jihar, da alƙalin da zai iya kiran gwamna da shugabannin gidauniyoyi su amsa. Garuruwa kaɗan ne suka haɗa waɗannan. Kuma ko a nan, kyautar gidauniyoyi mallaka ta gyara, ba ta biya albashi ba. Masu gadi, masu gyaran zane da motocin da ke kwaso ɗalibai, har yanzu harajin masu gidajen Wayne, Oakland da Macomb ne ke ɗauke da mafi yawan nauyinsu.